Da a ce Najeriya ta je Afirka ta Kudu a 1996: ƙwallo biyun da suka raba Rashidi Yekini da tarihi

Laurent Pokou na Kwaddibuwa ya ci ƙwallo 14 a gasar cin kofin nahiyar Afirka: shida a Habasha a 1968, takwas a Sudan a 1970. Wannan adadi ya yi shekara 38 babu wanda ya haura shi, sai da Samuel Eto'o na Kamaru ya zo a 2008. A tsawon waɗannan shekaru babu wanda ya matso kusa da shi kamar Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya fara taka leda a ƙungiyar UNTL ta Kaduna kafin Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi. Ya ci ɗaya a Maroko a 1988, uku a Aljeriya a 1990, huɗu a Senegal a 1992, biyar a Tunisiya a 1994. Jimilla 13. Kowace gasa sai ya ɗara ta baya. Saura ɗaya ya kamo Pokou, saura biyu ya wuce shi, sai aka rufe masa ƙofar gasa biyu a jere, kuma ba a filin wasa aka rufe ta ba.

Sai an koma ga siyasar lokacin kafin a gane yadda aka yi. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan ƙabilar Ogoni takwas a Fatakwal, bayan wata kotu ta musamman ta ɗora musu alhakin kisan shugabannin Ogoni huɗu, shari'ar da duniya ta yi tir da ita. A daidai lokacin shugabannin ƙasashe renon Ingila suna taro a Auckland, kuma nan take aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar. Nelson Mandela, wanda a baya ya fi son a bi Abacha da lalama, ya fusata har ya nemi a ƙaƙaba wa man Najeriya takunkumi. Afirka ta Kudu ta janye gayyatar da ta yi wa Super Eagles zuwa wata ƙaramar gasa ta ƙasashe huɗu. Da lokacin kofin Afirka na 1996 da za a yi a Afirka ta Kudu ya ƙarato, Abuja ta ce ba ta da tabbacin tsaron 'yan wasanta a can, don haka ba za su je ba. Kowa ya san ramuwa ce. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, kuwa ta hukunta Najeriya da hana ta shiga gasar 1998 a Burkina Faso.

An rataye mutum tara a wannan rikici, kuma babu kofin da za a ɗora a sikeli ɗaya da su. Abin da ke tafe lissafin ƙwallo ne kawai, na mutanen da ba su yanke wa kowa hukunci ba amma aka biya bashin da shekarunsu.

Wace ƙungiya ce aka hana tafiya? Mai riƙe da kofi, wadda ta doke Zambiya 2-1 a Tunis a Afrilun 1994, wadda FIFA ta ajiye a matsayi na biyar a duniya a wannan watan, wadda saura minti biyu ta fitar da Italiya a gasar duniya ta 1994 a Amurka kafin Roberto Baggio ya farke. Finidi George da Nwankwo Kanu sun ɗauki kofin zakarun Turai da Ajax a Mayun 1995. Daniel Amokachi, wani ɗan Kaduna, ya ɗauki kofin FA da Everton a watan. Emmanuel Amuneke yana Sporting ta Lisbon, Jay-Jay Okocha yana Frankfurt, Sunday Oliseh yana Cologne, Victor Ikpeba yana Monaco, Taribo West yana Auxerre, Uche Okechukwu yana Fenerbahce. Daga 1993 zuwa 1999 sau bakwai CAF ta ba da kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka, biyar a cikinsu 'yan Najeriya ne suka karɓa: Yekini, Amuneke, Kanu sau biyu, da Ikpeba. A tsakiyar waɗannan shekaru ne ƙasar ta yi shekara shida ba ta buga wasa ko ɗaya a gasar nahiyarta ba.

Abin da ya sa wannan hasashe ya fi irin su "da a ce" ɗin da ake yi a majalisa nauyi shi ne an riga an raba rukuni kafin a janye. Mun san waɗanda Najeriya za ta haɗu da su. Tana rukuni na uku da aka ajiye a Durban, tare da Gabon da Zayar da Laberiya. To a duba ƙwallaye biyar da Yekini ya ci a 1994. Biyu ya zura wa Gabon a wasan farko da aka tashi 3-0. Biyu ya zura wa Zayar a wasan daf da na kusa da ƙarshe da aka tashi 2-0. Ta biyar ita ce ta Kwaddibuwa. Wato huɗu daga cikin biyar a ragar ƙasashen da ƙuri'a ta sake kawo masa bayan wata 21 suka faɗa. Mutumin da yake neman ƙwallo biyu ya shiga tarihi, an ba shi minti 180 a gaban 'yan bayan da suka san zafin ƙafarsa. Ita kuma Laberiya, ko da yake tana da George Weah wanda bai daɗe da karɓar Ballon d'Or ba, ƙungiya ce ta ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, wadda Weah ɗin ne yake ɗaukar nauyinta daga aljihunsa. Wannan ma wasa ne da Afirka ta yi asararsa: gwarzon duniya a gefe guda, zakarun nahiya a ɗaya gefen.

Amma akwai ƙalubale ga wannan lissafi, kuma ba ƙarami ba ne. Yekinin Janairun 1996 ba shi ne na Afrilun 1994 ba. Wancan ya zo ne daga kakar da ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar Fotigal, 21 a rigar Vitoria Setubal. Wannan kuwa shekarunsa 32, ya koma Olympiacos ta Girka abin bai yi daɗi ba, wasanni kaɗan ya buga aka rabu, ya wuce Sporting Gijon ta Sifaniya inda nan ma bai samu kansa ba. Clemens Westerhof, kocin da ya gina ƙungiyar a kewayensa, ya tafi tun bayan Amurka. Shi kansa Yekini ya fito ya yi ƙorafin cewa a gasar duniya wasu abokan wasansa sun riƙa hana shi ƙwallo bayan wadda ya ci Bulgeriya, kuma irin wannan magana ba ta barin ɗakin 'yan wasa lafiya. Ga Amokachi, ga Ikpeba, ga Kanu, ga Samson Siasia, duk suna jiran gurbi. Hujjar da ta fi ƙarfi ma ta zo bayan wata shida: da Jo Bonfrere zai tafi gasar Olamfik a Atlanta, doka ta ba shi damar ɗaukar mutum uku da suka haura shekara 23, sai ya ɗauki Okechukwu da Amokachi da Amuneke. Bai ɗauki Yekini ba.

Duk da haka ina ganin zai yi wuya a bar shi a gida a Janairun 1996. Olamfik gasar matasa ce mai gurbi uku kacal ga manya. Kofin Afirka kuwa mutum 22 ake ɗauka, kuma babu kocin da zai tafi kare kambu ya bar wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasa biyu da suka gabata ba tare da ƙasa ta tashi a kansa ba. Ko da daga benci zai riƙa tasowa, shi ne mai bugun fenareti, shi ya buga na ƙarshe da ya fitar da Kwaddibuwa a 1994. Kuma salon wasansa bai dogara da yanka da gudun tsere kaɗai ba. Ƙirji ne da kafaɗa, da sanin lokacin da zai ɓalle ta bayan 'yan baya, da harbi mai nauyi. Irin wannan ɗan wasa yakan yi rabin awa a fili ya tafi da ƙwallo ɗaya, musamman idan Finidi ne yake kawo masa ita daga dama.

Sannan hukuncin CAF ya ci masa dama ta biyu, wadda mutane suka fi mantawa. A kakar 1997 zuwa 1998 Yekini ya farfaɗo a FC Zurich ta Suwizalan, ya dawo da cin ƙwallo, har Bora Milutinovic ya kira shi gasar duniya a Faransa yana da shekara 34. A tsakiyar wannan kaka aka yi gasar Burkina Faso, a Fabrairun 1998, gasar da raga ta yi ta motsi: Hossam Hassan na Masar da Benni McCarthy na Afirka ta Kudu kowa ya ci bakwai, shi McCarthy har huɗu ya zura wa Namibiya a wasa ɗaya. Wanda ya cancanci zuwa Faransa a Yuni ya cancanci zuwa Wagadugu a Fabrairu. Idan aka haɗa gasa biyun, aƙalla wasa shida ke nan, wataƙila goma sha biyu. A ce mutumin da ya ci tara a gasa biyu na baya ba zai samu biyu a cikin waɗannan ba, sai dai in rauni ya kwantar da shi baki ɗaya. A dukan wannan hasashe, wannan ne ɓangaren da na fi amincewa da shi.

Me wannan zai canza, tunda Eto'o ya ƙare da 18? Mai yiwuwa da ya wuce Yekinin ma. Amma da daga 1996 ko 1998 har zuwa aƙalla 2008 sunan ɗan Najeriya ne a saman jerin, kuma duk lokacin da Eto'o ya ci ƙwallo a gasar 2008 a Ghana sunan Yekini za a riƙa ambata a rediyo daga Dakar zuwa Khartum. A duba yadda Kwaddibuwa ta riƙe nata. Akwai filin wasa a San Pedro mai sunan Pokou, kuma ƙwallon da aka buga gasar da ƙasar ta karɓi baƙunci da ita, sunansa aka sa mata. Yekini kuwa, a wajen Najeriya hoto ɗaya aka fi saninsa da shi: riƙe da raga yana ihu bayan ya ci Bulgeriya a Dallas ranar 21 ga Yuni 1994. Hoto ne mai girma, amma ya mayar da aikin shekara goma sha huɗu zuwa daƙiƙa goma. Ƙwallaye 37 da ya ci wa ƙasarsa sun yi sama da shekara 25 babu wanda ya kamo su. Ya rasu a Ibadan ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48, bayan shekarun da ya yi a keɓe daga jama'a. Allah ya jiƙansa. Ba zan ce tarihin cin ƙwallo zai sauya yadda ƙarshen rayuwarsa ya kasance ba, domin wannan ya fi ƙarfin lissafin wasa. Abin da zan iya cewa shi ne da nahiyar ta fi yawan waiwayarsa yana raye.

To kofin fa? A nan ne ya kamata a taka sannu. A zahiri Gabon ce ta zo ta ɗaya a rukunin, ta haɗu da Tunisiya aka tashi 1-1, Tunisiya ta wuce a bugun fenareti, ta doke Zambiya 4-2 a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta haɗu da mai masaukin baƙi. Da Najeriya ce ta ɗauki matsayin Gabon, hanyarta ke nan: Tunisiya, Zambiya, Afirka ta Kudu. Tunisiyar lokacin matasa ce da Henryk Kasperczak ya haɗa bayan kunyar da ƙasar ta sha a gida a 1994, ƙungiya mai tsari amma ba mai firgitarwa ba. Zambiya ta fi haɗari. Kalusha Bwalya shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da biyar, kuma suna ɗauke da haushin wasan ƙarshe na Tunis. Duk da haka, mutum ga mutum, babu ɗaya cikin biyun da ta kai Najeriya.

Wasan ƙarshe shi ne abin da ba wanda zai rantse a kansa. Masu cewa da Najeriya ta je da an gama magana suna kafa hujja da Oktoban 1992, lokacin da Super Eagles ta lallasa Afirka ta Kudu 4-0 a Legas a neman gurbin gasar duniya. Gaskiya ne, amma watanni kaɗan ke nan da FIFA ta maido da ƙasar bayan wariyar launin fata. Kuma suna tsallake wasa na biyu: a Janairun 1993 a Johannesburg an tashi babu ci. Zuwa 1996 Clive Barker ya haɗa ƙungiya ta gaske. Lucas Radebe da Phil Masinga suna Leeds, ga Mark Fish da kyaftin Neil Tovey a baya, ga Doctor Khumalo da John Moshoeu a tsakiya. Sun buɗe gasa da cin Kamaru 3-0, sun fitar da Aljeriya 2-1, sun ci Ghana 3-0. Ranar 3 ga Fabrairu kimanin mutum 80,000 suka cika fili, Mandela yana sanye da rigar kyaftin, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan ƙasar ta ɗauki kofin duniya na rugby a wannan birni. Mark Williams ya taso daga benci ya ci Tunisiya biyu cikin mintuna kaɗan. Ƙari a kan haka, Johannesburg tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, inda numfashi yake yi wa baƙo wuya, alhali Najeriya da ta shafe makonni a Durban a bakin teku.

A ƙara da yanayin siyasa. Ƙungiyar da duniya take kallo a matsayin ta Abacha, a gaban Mandela, ƙasa da wata uku bayan rataya. Babu alƙalin wasan da zai so a ce shi ya busa wannan wasa. Ra'ayina shi ne Najeriya ta fi 'yan wasa, kuma ƙungiyar da ta taso daga 3-1 ta doke Birazil 4-3 a gasar Olamfik a watan Yuli ba mai tsoron taro ba ce. Da zan ba ta rinjaye, amma ɗan kaɗan. Ita ma Afirka ta Kudu an cuce ta ta wani fannin, domin kofi ɗaya tilo da take da shi har yau ana bin sa da "ai Najeriya ba ta zo ba", alhali ba ita ta hana kowa zuwa gasar ba.

Akwai tauraro na biyu da wannan janyewa ta taɓa, ta wata fuska dabam. Kanu yana da shekara 19 a Janairun 1996, lafiyarsa ƙalau a iya sanin kowa. Bayan Atlanta ya koma Inter Milan, gwajin likitoci ya gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka a ƙarshen shekarar. Sai a 2000 ya fara buga kofin Afirka. Ya buga shida a jere har 2010, bai ɗauka ba, bai kuma ci ƙwallo ko ɗaya a cikin wasa ba. A wasan ƙarshe na 2000 a Surulere, bayan an tashi 2-2 da Kamaru, golan Kamaru ya tare fenaretinsa, ta Ikpeba kuma ta daki ƙarfe ta faɗa bayan layi alƙali ya ce ba ta shiga ba. Mutumin da ya ɗauki kofin zakarun Turai, da zinaren Olamfik, da gasar Ingila da Arsenal, da kofin FA da Portsmouth, abu ɗaya ya rasa a ɗakinsa, kuma shekarar da ƙasarsa ta fi kowa ƙarfi ita ce aka hana shi gwadawa.

Wasu suna cewa janyewar ce ta haifar da zinaren Atlanta, wai yunwar gasa ce ta sa yaran suka yi abin da suka yi. Ban yarda ba. Waɗanda suka doke Birazil da Ajantina ba sa buƙatar a hana su wata gasa kafin su so cin wata. Abin da zinaren ya yi shi ne ya rufe ɓarnar, jama'a suka yi murna suka manta. Amma Atlanta ba ta biya Yekini ba, ba ta biya Finidi ko Peter Rufai ko Mutiu Adepoju ko Siasia ko Ben Iroha ba, domin babu ɗayansu da ya je.

Inda ɓarnar ta fito fili shi ne Faransa. Daga farkon 1996 zuwa Yunin 1998, wasannin gasa da babbar ƙungiyar ta buga su ne shida na neman gurbi da Gini da Kenya da Burkina Faso. Babu makonni uku na zama a sansani ɗaya, babu wasan da in an faɗi an koma gida, babu inda za a gane cewa gola ya tsufa ko 'yan baya ba sa jin juna. Koci kuma sai sauyawa ake yi: Bonfrere, Shuaibu Amodu, Philippe Troussier wanda ya samo gurbin aka rabu da shi, sannan Milutinovic watanni kaɗan kafin gasa. Shi Troussier ɗin ya wuce ya kai Burkina Faso wasan kusa da na ƙarshe a gasar da aka hana Najeriya. Wasannin share fage sun yi gargaɗi: Yugoslabiya ta ci 3-0, Holan ta ci 5-1. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, kwana biyu kafin a fara gasar. Baiwar ɗaiɗaikun 'yan wasa ta isa ta doke Sifaniya 3-2 da Bulgeriya 1-0, amma da aka haɗu da Denmak, ƙungiya mai tsari, cikin minti goma sha biyu an ci biyu, aka tashi 4-1, Tijjani Babangida ne ya ci ta share hawaye. Ƙungiyar da ta yi gasa biyu a Afirka kafin nan za ta iya faɗuwa a hannun Denmak, amma da ta san raunin bayanta tun a Fabrairu, da sauran wata huɗu na gyara.

Gwajin da ya fi kusa da wasan da ba a yi ba ya zo a Fabrairun 2000, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, inda Babangida ya ci Afirka ta Kudu biyu tun kafin a tafi hutun rabin lokaci aka tashi 2-0. Masu cewa kofin 1996 na Najeriya ne suna yawan kawo shi. Sai dai a Legas aka buga shi, Barker ya daɗe da barin aiki, Tovey ya daina buga wa ƙasa, Yekini kuma shekara ɗaya da rabi ke nan da buga wasansa na ƙarshe a rigar Super Eagles.